Minti Arba'in a Kan Wuta

Shekara arba'in da ɗaya Baba Kuku ya yi yana dafa abincin 'yan makarantar kwana, kuma duk tsawon shekarun nan ba a taɓa ganin koren abu ya fito daga kicin ɗinsa ba. Shiga dai yana shiga. Kowace safiya, ƙarfe shida da kwata, mai lambu yakan sauke kwanduna uku a bakin ƙofa: alayyafo, kabeji da ɗanyen wake, shar da su, raɓa ba ta bushe ba. Amma in an buga ƙararrawar abincin rana, abin da ke isa faranti launinsa ɗaya da gajeren wandon kakin da yaran ke sawa. Har wani malamin zane ya taɓa roƙon a ɗibar masa cokali guda, ya nuna wa aji yadda ake haɗa launin ƙasa.

Ba mugunta ba ce. A shekarar da aka ɗauke shi aiki, yana ɗan shekara ashirin da biyu, gudawa ta ɓarke a makarantar, yara sittin suka kwanta a ɗakin jinya. Mai kula da lafiyar ɗalibai a lokacin wata doguwar tsohuwar nas ce da ake kira Sista, mai farin takalmi wanda ba a jin takunsa sai dai a gan ta a kai. Ta shigo kicin ta ajiye agogo mai ƙararrawa a kan kanta, ta ce, "Minti arba'in a kan wuta. Ka tsiyaye ruwan. Ka zuba sabo ya sake tafasa. Sannan gishiri." Ta sa shi ya maimaita sau uku, ta rubuta masa a kwali da rubutunta mai karkata dama, irin wanda yanzu ba a koyarwa. Daga ranar har ya ajiye aiki, ba yaron da cikinsa ya sake ɓaci daga tukunyarsa. Wannan shi ne abin alfaharinsa a duniya, kuma yakan faɗe shi ko ba a tambaye shi ba.

Da ya yi ritaya, makaranta ta ba shi takardar yabo, shi kuma ya ba kansa agogon da kwalin. Ya koma ɗan gidan da suka gina a ƙarshen layi, kuma kwana uku bai yi ba ya ƙwace kicin. Matarsa, wadda duk layin ke kira Mai Keke saboda keken ɗinkinta, ba ta yi gardama ba. Tun suna zaune a bayan kicin ɗin makaranta daga tukunyarsa take ci, gwiwoyinta kuma sun fara ciwo. Aiki ɗaya ya bar mata, wanda dama tun can ita ke yi: in ya tsiyaye ruwan farko na ganye a ƙaramin bokiti, takan zo ta ɗauka ta ce, "Bari in kai wa fulawa."

Shekara shida ana haka. Yana tashi ƙarfe biyar da rabi, ya sa farar rigar girkinsa da ya goge da kansa, ya jera wuƙaƙe daga babba zuwa ƙarama, ya dafa wa mutum biyu abinci da fuskar mai ciyar da ɗari uku.

Su biyun duka suna da hawan jini, kuma ranar Talatar farko ta kowane wata suke zuwa asibiti. Wata Talata suka tarar da sabuwar likita, yarinya mai tabarau, wadda ta karanta katinsa tun daga shafin farko, abin da ba wanda ya taɓa yi.

"Baba, akwai wanda ɓarin jikinsa ya taɓa shanyewa a danginku?"

"Yayana," in ji shi. "Hannun dama. Shekara huɗu ana ba shi abinci a baki kafin ya rasu."

Ya ɗora hannun hagu a kan na dama. Likita ta ce tana so a ɗebi jininsa a yi wani gwaji na daban. Mai Keke ta naɗe hannun rigarta ta ce ita ma a ɗiba, ba za a bar ta a baya ba.

Ranar karɓar sakamako, autarsu ta raka su. Auta malamar lissafi ce a makarantar 'yan mata, kuma ta gaji ubanta a wajen son doka.

"Abin da muka auna sunansa homosistin," in ji likita. "Kowa yana da shi a jini. Jiki ne ke samar da shi idan yana sarrafa abinci mai gina jiki, sannan ya kawar da shi. Kamar tokar murhu ne, Baba. Samun ta ba laifi ba ne, barin ta ta taru ne laifi. Masu kwashe ta wasu bitamin ne, babbansu ana ce masa folet, ana samun sa a ganye da wake. An lura cewa mai hawan jini, in nasa ya taru, ya fi shiga haɗarin shanyewar jiki da ciwon zuciya."

"To ni nawa na samu?"

"Ashirin da shida."

"Ita fa?"

"Tara."

Baba Kuku ya gyara zama ya kalli matarsa ta gefen ido, kamar ɗalibin da ya zo na ɗaya.

"Baba," in ji Auta, "ba jarrabawa ba ce. Ƙarami ake so."

"Ƙasa da goma sha biyar," in ji likita. "Ƙodarka lafiya lau, sauran bitamin ɗin da na duba ma ba laifi. Folet ɗin ne ya yi ƙasa. Kana cin ganye kuwa?"

Da ta mare shi da ya fi sauƙi.

"'Yata," ya ce a hankali, "tun kafin a haifi mahaifiyarki nake cin ganye sau biyu a rana. Alayyafon da ya bi ta hannun nan, in aka shimfiɗa shi, zai rufe asibitin nan har da wurin ajiye motoci."

Likita ta dube shi irin kallon da ake yi wa mai cewa ya daina shan sukari alhali ga shi a gemunsa. Ta rubuta masa wata ƙaramar ƙwaya, ɗaya kowace safiya, ta ce ya ci gaba da maganin hawan jininsa, ya dawo bayan wata uku a sake aunawa. A wurin karɓar magani kuma matar da ke bayan gilashi ta ƙara masa zafi.

"Baba, na 'yarka ne? Masu juna biyu muka fi ba wa wannan."

A cikin mota Auta ta yanke hukunci. "Ni ban san me ke faruwa a kicin ɗin nan ba, amma lissafi bai fita ba. Wata uku. In bai sauko ƙasa da goma sha biyar ba, Mama za ta karɓi ludayi, kai kuma ka zauna a falo a kawo maka."

"A gidana?"

"A gidanka. Ban shirya ba ka abinci a baki ba, Baba."

Baba Kuku ya sake ɗora hannun hagu a kan na dama. Mai Keke tana kallon titi ta taga.

Ƙwayar nan dai bai sha ba. A ganinsa, shan ta daidai yake da sa hannu a takarda cewa abincinsa fanko ne. Ya tura ta bayan gwangwanin shayi, ya ninka ganyen da yake saye. Alayyafo da safe, kabeji da rana, alayyafo da kabeji da yamma, kowanne minti arba'in cif, a tsiyaye, a sake tafasawa. Gidan ya ɗauki wari irin na ɗakin wanki. Mai gyaran rediyo da ke maƙwabtaka da su ya leƙo ta katanga ya tambaya ko rini suka fara.

Amma abin da ya hana shi sakat ba ashirin da shida ba ne, tara ce. Tukunya ɗaya, ludayi ɗaya, shekara arba'in da shida. Ta yaya nata zai zama tara? Ya juya lissafin yana yankan albasa, ya juya shi yana goge murhu, kullum amsa ɗaya yake samu, kuma amsar tana sa shi zufa: matar nan tana cin abinci a waje.

Ya fara sa ido. In ta dawo daga shagon mai zare, sai ya matso kusa kamar zai karɓi jakarta, yana shinshina ko zai ji ƙamshin suya. Ya duba gefen mayafinta ko akwai ɗigon mai. Wadda ya fi zargi ita ce matar mai gyaran rediyo, wadda kicin ɗinta ke ƙara cuwai-cuwai tun safe, mace marar agogo, mai ɗanɗana miya da yatsa. Rannan har ya bi Mai Keke a baya zuwa bakin titi, yana laɓewa a bayan wata motar ɗaukar kaya, da farar rigar girkinsa da ake hangowa daga ƙarshen layi. Ta sayi maɓallai shida, ta juyo ta wuce ta gabansa.

"Maigida, in ka gama gadin motar, tukunyarka tana ƙonewa."

Sai a mako na shida asiri ya tonu, kuma ba wayonsa ne ya tona ba. Ya tsiyaye ruwan alayyafo, ta zo ta ɗauki bokiti kamar kullum, can ya ga ashe ƙaramin cokalinsa ya faɗa ciki. Ya bi ta ta ƙofar baya, ƙofar da shekara shida bai taɓa bi ba, don shi aikinsa daga murhu zuwa tebur ne. Ya tarar da ita zaune a kan kujerar katako a gindin igiyar shanya, ta miƙe ƙafafu, da babban kofi a hannu da rabin lemun tsami a cinya. Tana kurɓa tana lumshe ido.

"Ke! Mene ne wannan?"

Ta buɗe ido ɗaya. "Ruwa."

"Ruwan fulawa?"

"Wace fulawa? Duba da kyau, Maigida. Ka ga fulawa a gidan nan?"

Ya duba. Siminti ne tun daga bakin ƙofa har katanga. Tsintsiya, baho, tsohuwar tayar keke. Ko ciyawa babu.

"Tun yaushe?"

"Tun ina da cikin Auta. Raina ya biya, na ɗanɗana, na ji daɗi. Fulawar shugaban makaranta ma da aka ce ta bushe a shekarar nan, ba fari ba ne, ni ce."

"Shekara talatin da huɗu kina shan ƙazanta a bayan idona!"

"Wace ƙazanta? Abin da ya yi minti arba'in yana tafasa? Ko Sistarka ta dawo duniya ba za ta sami ƙwayar cuta a ciki ba. Ba gishiri, ba mai. Kai ka ɗauki gawar ka kai tebur, ni na tsaya a nan da ran." Ta miƙo masa kofin. "Ungo, ɗanɗana."

Bai karɓa ba. Ya tsamo cokalinsa daga bokiti ya koma ciki, ya zauna a kan buhun shinkafa, abin da ya sha korar mutane a kansa. Daɗi ɗaya dai ya ji a ransa: ashe ba ta ci amanarsa da matar mai gyaran rediyo ba. Ko a ɓoye, daga tukunyarsa take sha.

Washegari ya sa rigar fita ya tafi asibiti shi kaɗai, ya jira har layi ya ƙare.

"Likita, tambaya na kawo, ba tawa ba ce. Wani abokina ne, kuku."

"To, Baba."

"Shi wannan abokin nawa yana dafa ganye minti arba'in, ya zubar da ruwan, ya sake dafawa."

Likita ta cire tabarau ta ajiye. "Minti nawa?"

"Arba'in. Mutum ne mai tsabta ƙwarai."

"Baba, ka gaya wa abokinka folet ba ya son doguwar wuta, kuma ruwa yake bi. Wani ya lalace, wani ya fita ya koma cikin ruwan, abin da ya rage a ganyen kaɗan ne. Ya wanke da ruwa mai tsabta sosai, ya dafa minti biyar da ruwa kaɗan, ya bar ruwan a cikin miya."

"To in wani ya sha ruwan da ake zubarwa fa? A misali."

"A misali, ya fi wanda ya ci ganyen samu. Ba zan rantse maka cewa shi kaɗai ne bambancin ba, jiki da jiki ba ɗaya ba ne. Kuma saukar lambar nan ba ta maye gurbin maganin hawan jini da rage gishiri ba." Ta mai da tabarau. "Abokin naka yana shan ƙwayar da na rubuta masa?"

Baba Kuku ya kalli silin. "Zan tambaye shi."

Saura mako shida. A hanyar gida ya auna abin: ko ya saɓa wa Sista, ko ya rasa kicin. Da ya isa, ya tsaya gaban kwalin nan da ya yi ruwan ƙasa don tsufa, ya karanta shi kamar bai haddace ba. Sai ya lura da wani abu. Sista ta ce minti arba'in, amma agogo ta bar masa ya faɗi lokacin, ba ta ce ya ƙirga da kansa ba.

Daga ranar, yakan ɗora tukunya, ya saita ƙararrawa a minti arba'in kamar yadda aka koya masa. In ganye ya yi minti biyar, sai ya leƙa falo, ya leƙa ƙofar baya, ya kai hannu bayan agogon ya murɗa har ya yi ƙara. Agogo ya ce arba'in, shi wane ne da zai yi musu da agogon Sista? Ruwan kuma ya daina tsiyayewa, wai bokitin ya fara yoyo. Ƙwayar yakan haɗiye ta da asuba, ya ba ƙofa baya.

Ranar farko da koren alayyafo ya hau tebur, Mai Keke ta daɗe tana kallon farantin.

"Maigida, yau ganyen bai mutu ba."

"Irin na bana ne. Taurin kai gare shi."

"Kuma minti arba'in ɗin yanzu sauri suke yi. Ko zare ban gama sa wa allura ba na ji ƙararrawa."

"Tsufa ne. In mutum ya tsufa lokaci gudu yake masa."

"Haka ne," in ji ta. "Ruwana fa?"

"Yana ciki. Kowa ya sha rabonsa a zaune, kamar mutanen kirki."

Wata uku suka cika, aka sake ɗibar jini, su ukun suka koma gaban likita. Ta duba takarda ta yi murmushi.

"Goma sha shida. Baba, ka yi ƙoƙari sosai. A ci gaba a haka."

Baba Kuku ya juya wajen 'yarsa. "Kin ji. Ta ce na yi ƙoƙari."

"Na ji. Goma sha shida ta fi goma sha biyar."

"Da ɗaya tak!"

"Baba, kai ne ka taɓa mai da buhun wake sukutum saboda ya gaza da rabin kofi. Ƙasa da goma sha biyar muka ce."

Suka isa gida. Ya shiga kicin, ya cire ludayin daga ƙusa, ya goge shi da tawul duk da a wanke yake, ya fito falo ya miƙa wa matarsa da hannu biyu. Auta ta kau da kai, don ba ta zaci abin zai yi mata nauyi haka ba.

Mai Keke ta karɓa, ta juya shi, ta auna nauyinsa.

"To, kicin ya zama nawa ke nan?"

"Naki ne, Mama."

"Madalla. Ku biyun nan kun yi wata uku kuna ciniki a kaina, ba wanda ya tambaye ni ko ina so. Ni da gwiwar nan zan tsaya gaban murhu? Ina da ɗinkin mutane." Ta nuna mijinta da ludayin. "Kai, ina neman kuku. An ce ka taɓa aiki a makaranta."

Baba Kuku ya dubi ludayin. Sannan, abin mamaki, kafaɗunsa suka miƙe. Mutumin da ya yi shekara arba'in da ɗaya ana ba shi umarni ya san muryar mai gida in ya ji ta.

"Na taɓa," ya ce.

"Sharaɗi ɗaya. Ni ke faɗin abin da za a ci. Gobe da rana ina son latas da kokwamba da tumatir."

"Minti nawa?"

"Ɗanye."

"Ɗanye kamar yaya?"

"Kamar yadda Allah ya halicce shi."

Washegari ya kwashe awa ɗaya da rabi a kan abin da ba a ɗora a wuta ba. Ya wanke latas ganye-ganye, ruwa uku, yana ɗaga kowanne sama yana dubawa a hasken taga kamar mai neman jabun takarda. Ya yanka kokwamba kauri ɗaya, ya jera tumatir a gefe, ya matsa lemun tsami. Ya kawo tebur yana riƙe da kwanon nesa da jikinsa.

Suka zauna. Gidan da ba a taɓa jin ƙarar tauna ba ya cika da ƙurus-ƙurus. Shi ya ɗauki ganye ɗaya, ya tauna da haƙoran gaba, ya ce abin ba shi da ladabi, abinci yana surutu a bakin mutum. Ya ɗauki na biyu don ya tabbatar.

Mai Keke ta share farantinta tas, ta tura masa.

"Kuku, ƙaro min."

Ya tsaya da cokali a hannu. "Me kika ce?"

"Ƙari. Akwai saura ko babu?"

Yara ɗari uku sau uku a rana, shekara arba'in da ɗaya, da mace guda shekara arba'in da shida, ba wanda ya taɓa tura masa faranti ya nemi ƙari. Shi duk zamanin nan ya ɗauka ƙoshi ne. Ya so ya yi fushi, ya nemi wanda zai yi fushin da shi ya rasa. Ya ɗauki farantin ya nufi kicin, daga can ya ɗaga murya.

"Da tumatir ko babu?"